Gwammaja 2002 da Jidda 1991: tsufar jirgi ce ta jawo su?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wani ɗan'uwanmu ya ce mahaifiyarsa ta biya kujerar Hajjin bana, amma maganar hawa jirgi ta hana ta sukuni, saboda tana Gwammaja a Kano ranar da jirgi ya faɗo cikin unguwar. Tambayarsa ita ce: ashe ba tsufar jirgi ce ta jawo hatsarin Gwammaja da na alhazan Sakkwato a Jidda ba? Idan kuma aka ba su sabon jirgi, ai magana ta ƙare?

Malam, Allah ya kai Mama lafiya ya dawo mana da ita lafiya. Tsoronta ba abin raini ba ne, wanda ya ga ranar nan da idonsa ba a ce masa ya manta. Gaskiya ne jiragen biyu sun kwana biyu. Na Jidda ƙirar DC-8 ne da aka ƙera a 1968, yana da shekara 23 lokacin da ya faɗi. Na Gwammaja ƙirar BAC 1-11 ne na 1980, yana da shekara 22. Sai dai masu bincike a duka biyun ba shekarun jirgi suka ɗora wa laifi ba. Abin da ya haɗa su shi ne, tun ƙafar jirgi tana ƙasa matsalar ta fara, kuma a duka biyun akwai lokacin da mutum zai iya cewa a dakata.

Bari in fara da na Jidda, don shi ne labarinsa ya fi fitowa fili. Ranar 11 ga Yuli 1991 da safe, jirgin ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz zai nufi Sakkwato, ɗauke da fasinja 247 da ma'aikata 14. Jirgin na kamfanin Nationair ne na Kanada, an yi shatarsa don jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways. Kwanaki kafin ranar, makanikai sun auna tayoyinsa sun ga wasu iskarsu ta yi ƙasa. Ba a cika su ba, aka kuma taɓa alƙaluman da ke cikin takardar gyara yadda za a ga kamar komai daidai yake. Da safiyar tafiya babban makanike ya nemi a samo iskar naitirojin, wadda ita ake ɗura wa tayar jirgi, ba a same ta a kusa ba. Jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a yi jinkiri ba, aka sallami jirgi a haka.

Duk direban tirela ya san abin da ke faruwa idan taya biyu suna jere ɗaya ta yi sanyi: lafiyayyar ce take ɗauke nauyin duka, ta yi zafi, ta riga 'yar'uwarta fashewa. Haka aka yi. Jirgin ya yi tafiyar kilomitoci a ƙasa cikin zafin Jidda kafin ya hau titin tashi, ga shi maƙare da mutane da kaya da mai. Yana fara gudu taya ɗaya ta fashe, ta kusa da ita ta bi. Ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙa sun ji ƙara da jijjiga tun gudun bai yi nisa ba, amma suka ci gaba. Da suka ɗaga sai suka naɗe ƙafafun jirgin kamar kullum, ba su san sun shigar da wuta cikin cikinsa ba. A ramin da tayoyi ke shiga akwai wayoyin lantarki, da bututun man da ke sarrafa fukafukai da birki, ga tankin mai a kusa. Wutar ta cinye waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Sun juyo za su sauka, suka faɗi saura ƙasa da kilomita 3 su kai titi. Mutum 261, babu wanda ya fita. Allah ya jiƙansu, ya karɓi aikin Hajjinsu.

Na Gwammaja kuwa ranar Asabar ce, 4 ga Mayu 2002, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Jirgin kamfanin EAS ne, ya taso daga Jos ya yada zango a Kano zai wuce Legas, da mutum 77 a ciki. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ya haura mita 3,000, ana gyaransa a lokacin, don haka ƙaramin titi ake amfani da shi. A nan nake so a tsaya a lura, domin nan ne mutane da yawa ba su fahimta ba. Jirgi da iska yake tokarawa ya tashi. Idan rana ta ƙwalle, iska takan yi shara-shara, fukafukai ba sa samun abin riƙewa sosai, inji ma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Kano kuma tana kan tudu, kusan mita 480 sama da teku, wannan ma yana ƙara rage kaurin iskar. Kowa ya san yadda tsakar ranar Mayu take a garin nan. Ke nan jirgin da zai ɗaga cikin sauƙi da asuba a Legas, a Kano da azahar sai ya ƙara cin titi kafin ya ɗaga. Shi ya sa kafin kowace tashi matuƙa suke zama su yi lissafin nauyi da zafi da tsawon titi.

Jirgin ya cinye titin kaf bai ɗaga ba. Ya zarce cikin ƙasa, ya tayar da ƙura, injinansa biyu da ke can baya suka zuƙe ta, ƙarfinsu ya ƙara raguwa. Ya ɗaga da ƙyar, ya kasa hawa sama, ya faɗa kan gidajen mutane. Rahoton hukuma ya ce mutum 103 suka rasu, 73 a cikin jirgi, 30 a ƙasa, ko da yake rahotannin kwanakin farko sun kai adadin kusan 150. Cikin mamatan har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Masu bincike sun jingina abin ga yadda matuƙa suka gudanar da tashin, da rashin haɗin kai tsakaninsu a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

To ka jera su ka gani. A Jidda jirgin ne yake da lahani, lahanin da wasu suka sani suka rufe. A Kano ba a nuna cewa wani ƙarfe ya karye don tsufa ba, lissafin zafi da gajeren titi ne bai fita ba. A Jidda kuskuren ya fara kwanaki kafin tafiya, a hannun masu gyara da mai ba da umarni. A Kano cikin daƙiƙoƙi komai ya faru, a ɗakin matuƙa. Amma akwai wurin da suka haɗu. Kowace tashi tana da wani gudu da ake ƙayyadewa, kafin a kai shi matuƙi yana da damar taka birki ya fasa, bayan an wuce shi dole a ɗaga. Tayar Jidda ta fashe tun ba a kusanci wannan gudun ba. Jirgin Kano ma yana bin titi yana cinye shi a gaban idon matuƙansa. Fasa tashi abu ne mai nauyi a zuciyar matuƙi, ga fasinja, ga kamfani na jira, ga asarar kuɗi. A ganina wannan nauyin ya fi shekarun jirgi kashe mutane.

Akwai wani bambanci da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Na Jidda mun san shi daki-daki saboda an samu akwatunan naɗar bayanai, an ji abin da matuƙa suka faɗa, an bi takardun gyara an gano inda aka canja alƙaluma. A na Gwammaja masu bincike ba su samu bayanan wannan tafiya daga na'urorin ba, sai da shaidu da tarkace da lissafi suka yi aiki. Jirgin da ke ɗaukar mutane kullum amma na'urar da za ta ba da shaida ba ta aiki yadda ya kamata, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda sa ido yake a wancan zamani. Iyalan da suka rasa 'ya'yansu a cikin ɗakunansu sun cancanci amsa fiye da wadda suka samu.

Wannan ma wani bambancin ne. Na Jidda a fili ya faɗi, duk wanda ya rasu yana cikin jirgin. Mutanen Gwammaja ba su sayi tikiti ba, suna gidajensu, wasu suna shirin sallar azahar. Filin jirgin Kano shi ne mafi daɗewa a Najeriya, tun 1936 yake aiki, lokacin da wajen yake bayan gari. Yau gari ya zagaye shi. Maganar tsaron jirgi a Kano ta shafi mai shago a Kurna da mai koyar da allo a Fagge, ko da ba su taɓa shiga jirgi ba.

Ba ina cewa tsufa ba ta da hannu ko kaɗan ba. Wancan DC-8 ba shi da na'urar da za ta sanar da matuƙi cewa wuta ta kama a ramin taya, tsohuwar ƙira ce. Da ya sani, da wataƙila bai naɗe ƙafafun ba. Tsohon jirgi kuma ya fi neman gyara da kashe kuɗi, alhali sau da yawa kamfanin da aljihunsa bai da nauyi shi ke sayensa don arha. Nan ne haɗarin yake, tsohon jirgi a hannun mai ƙwauron gyara. Bayan Gwammaja gwamnati ta dakatar da jiragen BAC 1-11, ta kuma sa dokar hana shigo da jirgin da ya haura shekara 22. Hankalin mutane ya ɗan kwanta, amma hatsari bai tsaya ba. A Oktoban 2005 jirgin kamfanin Bellview ya faɗi a Lisa ta jihar Ogun da mutum 117. A Disambar shekarar na Sosoliso ya faɗi a Fatakwal, mutum 108, da yawansu 'yan makaranta, bayan matuƙa sun ci gaba da saukowa cikin hadari ba su hango titi ba. Ranar 29 ga Oktoba 2006 na ADC ya tashi daga Abuja cikin guguwa duk da an sanar da matuƙa halin da iska take ciki, mutum 96 suka rasu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. A 2012 injin jirgin Dana ya fara rasa ƙarfi tun ba a yi nisa da Abuja ba, matuƙa suka zaɓi su ƙarasa Legas maimakon su sauka a fili mafi kusa, ɗaya injin ma ya bi sahu, mutum 153 na ciki suka rasu tare da wasu a ƙasa. Ka duba sau nawa maganar take komawa kan a tsaya ko a ci gaba.

Sabon jirgi kuma ba lamuni ba ne. Boeing 737 MAX na kamfanin Habasha da ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157 watanni kaɗan ya yi da fitowa daga masana'anta. Haka na Lion Air a Indunusiya a Oktoban 2018, mutum 189. A waɗannan wata manhaja ce da ke danna hancin jirgi ƙasa, wadda ba a yi wa matuƙa cikakken bayaninta ba. Can ma gaggawa ce, sai dai a ofishin masu ƙira aka yi ta.

Dattawa za su tuna da wani na daban a nan Kano: 22 ga Janairu 1973, jirgin Boeing 707 na ƙasar Jodan da ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Legas, aka karkato da shi nan saboda yanayi. Wajen sauka cikin iska ƙafarsa ta karye, wuta ta kama, mutum 176 suka rasu. Wannan a sauka ne, kuma jirgin ba tsoho ba ne a lokacin.

Na san za a ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, ba mai wuce ajalinsa, mun yi imani da wannan. Amma wanda ya canja alƙaluma a takardar taya ba zai fake da ƙaddara ba, amana aka ba shi ta rayukan bayin Allah ya ci.

Abin da za ka faɗa wa Mama shi ne, darussan nan ba a banza suka tafi ba. Da yawa daga cikin manyan jiragen da ke jigilar alhazai yanzu suna da na'urar gano wuta a ramin taya, wasu ma suna nuna wa matuƙi iskar kowace taya yana zaune a kujerarsa. Ana horar da mataimakin matuƙi ya buɗe baki ya gyara wa babba idan ya ga kuskure. Kamfanin da zai ɗauki alhazai sai ya samu amincewar hukumar alhazai ta NAHCON da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, sannan hukumomin Saudiyya su ma su yarda da shi.

Sannan ina roƙonka abu ɗaya, da kai da duk mai rakiyar maniyyaci. Idan aka kira su sansanin alhazai aka ce jirgi ya samu matsala sai gobe, ko a Jidda wajen dawowa aka ce ana jiran wani ƙarfe, kada a taru a kan ma'aikata da ihu ana cewa lallai sai an tashi. Kwana a sansani da tsohuwa akwai wahala, ban musa ba, kuma haƙƙinku ne ku nemi a yi muku bayani, a ba su abinci da wurin kwanciya. Ku nemi waɗannan da ƙarfi. Amma tashin kansa ku bar wa makanike da matuƙi. Ka sa mata maganinta na kwana biyu ko uku a jakar hannu, da ɗan abin taɓawa da mayafi mai kauri, ka kuma rubuta mata lambar wayarka a takarda ban da wadda ke cikin wayarta, saboda in jinkirin ya zo ta iya jure shi.