Modem na tauraron ɗan'adam CDM-570L: ƙarfinsa da inda ake tuntuɓe wajen bugun agogo

Ga mai neman modem da zai ɗauki layin siriyal (mai aika bit ɗaya bayan ɗaya) ko E1 (layin sadarwa mai gudun 2048 kbps) a Zariya, CDM-570L na kamfanin Comtech EF Data ya cancanci kuɗinsa, ko da na hannu ne. Sai dai wani ƙorafin da ake yi a kansa ba daga eriya yake ba, daga bakin da ke haɗa shi da rauta ne.

Bakin nan mai ƙafa 25 ne, tsarin EIA-530. Bayanan da za su hau sama, wato SD, suna kan ƙafa 2 da 14. Masu saukowa, RD, 3 da 16. Bugun agogo, wato siginar da ke nuna lokacin karanta kowane bit, uku ne: ST da modem ke bai wa rauta a 15 da 12, TT da rauta ke mayar masa a 24 da 11, sai RT mai rakiyar bayanan da suka sauko a 17 da 9. Kebul da yawa da ake haɗawa a gida ba a jona musu 24 da 11, kuma nan matsalar take.

A gudun 2048 kbps, bit ɗaya nanosakan 488 yake ɗauka. Sigina na cinye kusan nanosakan 5 a kowace mita. In kebul ya kai mita 15, zuwa da dawowa 150 ke nan, ga jinkirin rauta a kai. In jimlar jinkirin ta kusa rabin tsawon bit, modem da ke karanta SD da agogon ST sai ya riƙa karantawa daidai lokacin da bit ke sauyawa. Fitilu duk kore, Eb/No (ma'aunin ingancin siginar tauraron) lafiya lau, amma kurakuran CRC (alamar bayanai sun iso a gurɓace) na ta taruwa. In an jona TT, agogo da bayanai tare suke tafiya, tare suke isowa.

Abin da ya fi burge mu shi ne zaɓin agogon aikawa yana nan a fili a gaban na'urar: na cikin modem, na TT, ko wanda ake ɗebowa daga siginar tauraron. Ka'ida ita ce uban agogo ɗaya a layi. Misali babbar tasha a Samaru ta riƙe nata, reshe a unguwar Kongo ya bi na tauraron. In kowa ya riƙe nasa, bambancin kashi ɗaya cikin miliyan kaɗai na tara kusan bit 2 a sakan, bafa (ma'ajiyar da bayanai ke ɗan jira a cikin modem) mai bit ±1024 za ta cika cikin kamar minti takwas, ta zubar, layi ya yi tsalle. Ƙara girman bafa jinkirta tsallen kawai yake yi, kuma yana ƙara wa murya jinkiri. Aikinta na asali shi ne shanye ɗan kai-komon tauraron a nisan kilomita 35,786.

Inda sabon hannu zai sha wuya: sai ya zauna da littafin na'urar kafin ya gane waɗannan zaɓuɓɓuka. Mai sayen na hannu kuma ya tabbatar akwai bakin G.703, wato bakin jona E1, a jiki in E1 yake so, ya kuma duba ko 75 ohm na BNC (bakin kebul na koakis) ne layinsa ko 120 ohm.

A nan Zariya a sa masa UPS, a haɗa wayarsa ta ƙasa (at) da ta rauta wuri guda kafin tsawar damina, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankarsa. Kebul kuma a auna shi ƙafa-ƙafa da mita kafin a jona, don in A da B, wato wayoyi biyun kowane agogo, suka juye, kurakuran iri ɗaya ne da na rashin TT.