Manhajar ta share «euh», ta haɗa da «eh» ɗin Baba

Wata biyu ke nan ina amfani da wata manhaja mai mayar da magana rubutu, saboda memwar, wato kundin kammala karatu, da nake haɗawa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram kan tarihin baka na unguwar Birni. Abin da ya ja ni gare ta shi ne maɓallin da ke share inda-inda da kansa.

A Faransanci kam, sai dai godiya. Na ɗauki hira da malamina ta minti 40 a salula, duk «euh» ɗin da ya cika maganarsa ya ɓace, rubutu ya fito tas. Aikin da kan ci mini yini guda, na gama shi tsakanin la'asar da magariba, duk da rezo yana ta wasa.

Da na zo kan Hausa ne raina ya ɓaci. Na zauna a zaure da wani dattijo da ya haura 80, yana ba ni abin da ya ji daga kakansa game da ganuwar Sarkin Damagaram Tanimu, da yadda Turawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Na ce, «Baba, kakan naku ya ga lokacin da idonsa?» Ya jima yana murza carbi, sannan ya ce, «Eh… to.» A rubutun, tambayata ce kawai a tsaye, amsar ta tafi. Wani wurin ma «a'a» ɗinsa ta ɗauka a matsayin «ah ah», ta goge.

Dalili a fili yake. Jerin sautukan da aka koya mata ta zubar daga bakin Turawa aka samo shi, inda «uh» da «euh» ba su ɗauke da komai. Mu kuwa «eh» amsa ce cikakkiya. «To» kuma, ya danganta da yadda aka ja ta: akwai ta yarda, akwai ta shakka, akwai wadda dattijo ke rufe zance da ita don kada yaro ya ƙara tambaya. Ta Baba irin ta ƙarshen ce, kuma ita na fi bukata.

Ban daina biyan kuɗin wata ba. Taro da darasin Faransanci ina kunna maɓallin. In za ni Birni kuwa a kashe yake, kuma ba na goge muryar asali ko da salula ta cika. Hirar Baba sai da na sake bin ta da kunnena dare uku, ina mayar da kowace «to» mazauninta.