Scratch ko Python: da wanne za a koya wa yara haraji?

Malama, kin ce ɗalibanki 'yan ƙaramar sakandare ne, shekara 11 zuwa 14, kina so su gane haraji ta hanyar haɗa ƙaramar manhaja da hannunsu, amma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin Scratch da Python, harsuna biyu da ake shirya manhajar kwamfuta da su. Ni a ganina sai kin fara tantance wane haraji kike son su gane.

In harajin sayen kaya ne, irin VAT ɗin da Faransa ta fara a 1954, Scratch ya ishe ki. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka ne suka fitar da shi a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma ba rubutu ake yi ba, tubala ake jawowa a jona su. Yaro ya zana mai shago, mai shago ya tambayi kuɗin kaya, ya ɗora kashi 5 cikin 100, ya faɗi jimilla. Abin da na fi so a nan shi ne ana iya mai da adadin harajin ya zama ɗan maɓallin da ake ja hagu da dama. Yaro ya ja shi daga 5 zuwa 20, ya ga abin da mai saye zai biya yana hawa a gaban idonsa. Nan take wani zai ce, "To kuɗin ina suke zuwa?" Shi ke nan, ƙofar zancen hanyoyi da asibitoci da albashin malamai ta buɗe.

Python kuwa, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ba ya lamuntar kuskure. A manta da alama ɗaya, ya tsaya cak. Kuma duk abin da aka shigar masa ta input (umarnin da ke karɓar abin da aka buga masa) rubutu yake ɗaukarsa, ba lamba ba: yaro ya sa 500 ya ninka biyu, sai ya ga 500500, ya zuba miki ido. Darasi guda sai ya tafi a gyaran irin waɗannan.

Amma akwai inda Python ya yi wa Scratch fintinkau: harajin kuɗin shiga mai hawa-hawa. Ki ƙirƙira musu mataki uku. 10,000 na farko babu haraji, daga nan zuwa 30,000 kashi 10, abin da ya haura kashi 20. Kusan kowane yaro zai rubuta cewa wanda ya samu 31,000 a cire masa kashi 20 na duka, wato 6,200, ya tashi da 24,800. Shi kuwa mai 30,000 a cire masa 3,000, ya tashi da 27,000. Kada ki gyara musu tukuna. Ki bari su gwada lambobin biyu, su ga manhajarsu tana cewa ƙarin albashi talauci yake kawowa. Manya da yawa ma haka suka ɗauka. Sai su koma su raba kuɗin mataki-mataki: sifiri, da 2,000, da 200 a kan dubun nan da ta haura, jimilla 2,200.

Ana iya yin wannan a Scratch, sai dai tubalan lissafin suna shiga cikin juna har su cika allo, yaro ya kasa gano inda ya ɓata. A Python layi goma ne ko ƙasa da haka, ana karanta su daga sama zuwa ƙasa.

In ajin bai taɓa harkar nan ba, ki ba Scratch mako biyun farko da shagonsa, sannan ki kawo matakan nan uku a Python, ki rubuta musu rabin, su ƙarasa sauran.