Majo: karatu a Yamai ko koyon shugabanci a bakin aiki

A asibitocin Tawa, majo shi ne shugaban ma'aikatan jinya na sashensa. Galibi don ƙwarewa a jinya ake naɗa shi, sai ya wayi gari yana tsara masu kwanan gadi, yana lissafin magani, yana sasanta ma'aikata biyu da ba sa ga maciji. Don ya koyi shugabanci, hanya biyu ke gabansa.

Ta farko, ya nemi izini ya tafi Yamai, wata makaranta kamar ISP, cibiyar koyar da kiwon lafiyar jama'a. Zai samu malamai da takardar shaida da gwamnati ta yarda da ita, wadda ke taimakawa wajen ƙarin girma. Sai dai tafiyar ta wuce kilomita 500, ga haya, ga iyali an bari.

Ta biyu, ya koya da kansa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana da darussa kyauta da Faransanci a intanet. Na ga wata majo a ɗakin haihuwa, bayan sallar isha'i, salula a hannu, tana rubutu cikin ƙaramin littafi. Da safe ta kira wata sabuwar ungozoma gefe, ta ce, "Ƙanwata, zo mu sake duba takardar nan tare," maimakon tsawa a gaban masu jinya. Abin da ta karanta jiya, yau ta gwada shi. Ni wannan hanyar ta fi kwanta mini. Amma ba mai gyara mata kuskure, kuma ranar da wuta ta ɗauke ko gajiya ta ci ƙarfinta, littafin nan yakan yi mako a rufe.