Gilashin tare iska na gaban babur: yadda na same shi

Gilashin da na sa wa babur ɗina irin dogon nan ne na roba mai ƙarfi, wanda ake ɗaurewa a kan babur da ƙarafa biyu. Idan iska daga gaba take zuwa, gaskiya yana aikinsa. Ƙirjina ya huta da duka, wuyana ya daina gajiya, ƙwari da tsakuwa duk a jikinsa suke ƙarewa.

Inda nake da ƙorafi shi ne iskar gefe. Da yake a hannun tuƙi yake ɗaure, duk bugun da iska ta yi masa a hannuna yake sauka, sai kan babur ya nemi karkacewa. Na fi jin haka a kan gada, da kuma lokacin wuce tirela: tana tare maka iskar, kana fita daga gefenta sai iskar ta same ka gaba ɗaya. A nan dole in rage gudu tun da wuri, in matse tanki da gwiwoyi, in sassauta riƙo, don ƙanƙame hannu ƙara rawar yake yi, sannan in ɗan karkata wajen da iskar ke fitowa.

Tsayinsa ma sai da na gyara. Bakinsa na sama ya zo daidai idona, ruwan sama na sauka ba na ganin hanya sosai. Da na sauke shi daidai hanci, ina hangen titi ta samansa.

Mai ƙaramin babur mara nauyi, gajere zan ce ya nema, ko wanda ake kafawa a gangar jikin babur ɗin.