Muhawara ko jawabin bi-da-bi: wanne ya fi koya wa ɗaliban sakandare magana a gaban jama'a?

Wata malama da ke koyar da Turanci a makarantar gwamnati a Tudun Wadan Kaduna ta yi tambaya. Ajinta na SS1 ɗalibai 70 ne, darasi ɗaya na minti 40 kawai za ta iya warewa a mako, kuma yawancin yaran idan aka ce su tashi su yi magana sai su sunkuyar da kai. Shin ta shirya musu muhawara kamar yadda aka saba, ko ta riƙa sa kowa ya tashi ya yi gajeren jawabi?

Malama, ki fara da gajeren jawabi, ki ajiye muhawara sai zango na biyu ko na uku. Ba don muhawara ba ta da amfani ba, sai don abin da take koyarwa daban ne, kuma tana buƙatar yaron da ya riga ya iya tsayuwa a gaban mutane.

Mu fara da lissafin lokaci, domin a nan bambancin ya fi fitowa fili. Muhawarar da aka saba yi a makarantunmu mutum uku-uku ne. Idan babban mai magana ya ɗauki minti 5, mataimakansa biyu minti 3 kowanne, ya dawo ya rufe da minti 2, kowane ɓangare ya cinye minti 13 ke nan, biyun minti 26. Ki ƙara jera kujeru, gaisuwa da tattara makin alƙalai, darasi ya ƙare. Yara shida suka yi magana, 64 suka yi tafi. A zangon da ake samun kamar makonni goma na koyarwa, ko da kin sauya mutane kowane mako, 60 ne za su tsaya sau ɗaya tak, goma ko sau ɗayan ba za su samu ba. A aikace ma ba a sauyawa: waɗanda suka iya su ake ta maimaitawa, domin babu malamin da yake son muhawara ta mutu a hannunsa.

Jawabin bi-da-bi kuwa, idan kika bi shi a gaban aji gaba ɗaya, minti ɗaya na magana, rabin minti na gyara, rabin minti na tashi da zama, yara 15 za ki gama cikin minti 30. Zagaye ɗaya makonni biyar, kowa sau biyu a zango. Ya fi, amma bai isa ba. Abin da ke aiki shi ne ki raba ajin rukuni goma, bakwai-bakwai, su juya benci su fuskanci juna, ko ki fitar da su gindin bishiya idan ajin ya cushe. Kowa ya miƙe tsaye ya yi minti ɗaya, abokansa su yi masa gyara na minti ɗaya. Cikin minti 14 duk ajin ya yi magana. Sauran lokacin ki ciro mutum biyar ko shida da ƙuri'a su maimaita jawabin a gaban kowa. Da haka kowane yaro zai tsaya sau goma a zango, ba sau ɗaya ba. Hayaniya za a yi, babu makawa, don haka ki sanar da malamin ajin da ke maƙwabtaka da ke, ko ki nemi darasin ƙarshe na yini.

Sai abin da kowanne yake koyarwa. Jawabi yana gina tsayuwa, murya, numfashi, da jera tunani daga farko zuwa ƙarshe. Muhawara tana gina sauraro, kare ra'ayi da hujja, da mayar da martani nan take ba tare da fushi ba. Wannan na ƙarshen, jawabi ba ya bayar da shi ko kaɗan, shi ya sa ba mu ce a jefar da muhawara ba. Amma yaron da gwiwarsa ke karkarwa ba ya jin abin da abokin hamayya yake faɗa, jira kawai yake lokacinsa ya zo ya sauke abin da ya haddace ya zauna.

Hadda ita ce cutar da ke kashe muhawarar makaranta, kuma sau da yawa malamai ne ke jawo ta. Malami ya rubuta shafi biyu da manyan kalmomi, yaro ya haddace kamar karatun allo, ya ɓata rabin minti yana gaida shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci da abokan muhawara, sannan ya zubo jawabin da gudu. Da ya manta kalma ɗaya komai ya rushe, domin jimla ya riƙe ba ma'ana ba. Sai ki ga ya koma farkon sakin layi yana neman inda zaren ya tsinke. Kuma da yake an rubuta duka ɓangarorin kafin ranar, babu wanda ya amsa wa wani. Jawabai shida ne aka jera, ba muhawara ba. Tsarin da ake bi a gasar muhawarar makarantun sakandare ta duniya, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, ya toshe wannan ƙofa: mutum uku-uku, minti 8 kowanne, jawabin rufewa minti 4, kuma bayan minti na farko har zuwa kafin na ƙarshe abokin hamayya na iya miƙewa ya nemi jefa tambaya. Wasu batutuwan ma sa'a ɗaya kafin a fara ake bayar da su. Makin kuwa 40 na hujja ne, 40 na salon magana, 20 na dabarar tsara muhawara. Minti 8 ya yi wa ɗan SS1 yawa, amma dokar jefa tambaya ki ɗauke ta yadda take, ko da jawabin minti 3 ne. Da zarar yaro ya san za a katse shi, zai daina hadda ya fara neman fahimta.

Jawabin bi-da-bi ma yana da nasa ciwon. Na farko, masu sauraro su yi ta hirarsu domin babu abin da ya shafe su. Maganinsa a ba kowa aiki a cikin rukuni: ɗaya ya riƙe lokaci, ɗaya ya ƙirga sau nawa aka ce "eh" da "amm" da "wato", ɗaya ya koma can baya ya ɗaga hannu duk lokacin da bai ji ba, ɗaya kuma ya maimaita babban batun da aka faɗa cikin jimla ɗaya. Idan na ƙarshen nan ya kasa, jawabin bai fita ba, komai daɗin muryar. Ƙungiyar Toastmasters ta masu koyon magana a gaban jama'a, wadda aka kafa a Amurka a 1924, da irin wannan rabon aiki take tafiyar da zamanta, har da alamun lokaci masu launi uku: a gajeren jawabinta na ba-zata, kore a minti ɗaya, ruwan ɗorawa a minti ɗaya da rabi, ja a minti biyu. Kwali uku da aka shafa wa launi sun wadatar, kuma sun fi ƙararrawa, domin ƙararrawa tana firgita mai magana ta sa ya manta inda yake. Ciwo na biyu shi ne gyaran abokai ya koma tsokana. Ki kafa doka tun ranar farko: abu ɗaya da ya yi kyau, abu ɗaya da za a gyara, kuma a kan abin da mutum zai iya canzawa nan da mako mai zuwa. "Ka yi sauri a tsakiya" gyara ne. Dariyar karin harshen wani ba gyara ba ne, kuma a ajin Kaduna inda ake da Bahaushe da Bajju da Gbagyi da Bayarabe a benci ɗaya, wannan doka ba abin wasa ba ce.

Game da tsarin jawabin, kada ki wahalar da su. Batu ɗaya, dalilai biyu, misali ɗaya daga abin da yaron ya gani da idonsa, sai jimlar rufewa. A hannu ƙaramar takarda mai kalmomi biyar zuwa bakwai, ba cikakkun jimloli ba. Mai magana a natse yana faɗin kalmomi kamar 120 zuwa 150 a minti, don haka jawabin minti ɗaya bai fi rabin shafin littafin rubutu ba. Duk wanda ya zo da shafi biyu dole ya yi gudu. Makonni uku na farko su yi magana a kan abin da suka fi ki sani: yadda ake ɗibar ruwa a layinsu a Rigasa, yadda ake cinikin gwanjo a Kasuwar Barci, abin da ke faruwa a unguwa idan Kogin Kaduna ya cika da damina. Daga mako na huɗu ki shigo da batun ba-zata, a ciro takarda daga kwano, a ba yaro rabin minti ya yi tunani. Daga na bakwai a tsawaita zuwa minti biyu.

Akwai maganar harshe, kuma a nan ra'ayinmu ba zai yi wa kowa daɗi ba. Yaron da ke fama da tsoron taro da kuma ƙarancin Turanci kaya biyu yake ɗauke da su lokaci ɗaya. Ki bar shi ya yi jawabi biyu na farko da Hausa, ko da harshen da rukuninsa ke ji, sannan ya sake yin wannan jawabin da Turanci mako mai zuwa. Tsarin tunanin yana nan, kalmomi kawai zai nema. Jawabi yana ba da wannan dama cikin sauƙi. Muhawarar gasa ba ta bayarwa, domin galibi da Turanci ake yin ta kuma wanda ya fi zaƙin Turanci yakan rinjayi alƙalai ko da hujjarsa ba ta da ƙarfi. Kuma kada ki tsayar da yaro a tsakiyar magana don ya musanya sautin "p" da "f". Ki rubuta, ki tara irin waɗannan, ki yi musu darasi na daban. Wanda aka katse sau biyu a gaban aji ba zai sake ɗaga hannu ba a wannan zangon.

Kunya ma a yi mata adalci. An tarbiyyantar da yaranmu, musamman 'yan mata, cewa kallon babba cikin ido rashin ladabi ne, sai kuma mu zo mu rage musu maki don ba su kalli alƙalai ba. A muhawara alƙalan malamai ne, a gaba suke zaune, abin ya yi tsanani. A rukuni kuwa yaro sa'o'insa yake kallo. Ki koma gefe ko bayan aji, ki ce ya zaɓi wurare uku, dama da tsakiya da hagu, ya faɗa wa kowanne jimla guda kafin ya juya. Mai ƙaramar murya kada a ce mata ta yi ihu, maƙogwaro zai gaji, balle lokacin hunturu da ƙura. A ce ta ja numfashi har cikinta ya taso, ta yi magana da wanda ke bencin ƙarshe. Mai in'ina kuma kada a ƙarasa masa kalma, kada a ɗaga masa jan kwali, a ba shi zaɓin ya fara ko ya zo na biyu, domin dogon jira yana ƙara masa fargaba.

Idan kina neman abin da za su saurara su kwaikwaya, jawabin Abubakar Tafawa Ɓalewa na ranar 1 ga Oktoba 1960 yana nan a intanet, haka ma jawaban Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, da Hausa da Turanci. Dukansu malaman makaranta ne kafin siyasa. Ki kunna minti biyu a waya, ki ce su ƙirga inda mai maganar ya dakata. Yara suna ɗauka shiru alamar mantuwa ce, sai sun ji manya suna yin sa da gangan suke yarda.

Ta fuskar shawo kan shugaban makaranta, muhawara ta fi sauƙin sayarwa, domin tana kawo kofi da hoto. Jawabin rukuni ba ya kawo komai da za a rataya a ofis. Hujjarki ita ce jarrabawa: ɓangaren furuci na Turancin WAEC a Nijeriya a rubuce ake amsa shi, ba wanda zai buɗe baki, amma a ɓangaren insha'i akan kawo tambayar rubuta jawabi ko muhawara, kuma kalmomi wajen 450 ake nema, wato daidai jawabin minti uku zuwa huɗu. Yaron da ya saba tsara batu da dalili da misali a tsaye ba zai rasa abin rubutawa a zaune ba.

Idan zango na biyu ya zo, ki shigo da muhawara ta cikin rukunan nan, ba a dandamali ba. Biyu da biyu, minti biyu kowanne, sauran ukun alƙalai, kuma ɓangaren da mutum zai kare da ƙuri'a za a raba bayan sun gama shiri, don kowa ya nazarci ɓangarorin biyu. Mai magana na biyu ba shi da izinin kawo tasa hujja sai ya fara faɗin abin da abokin hamayya ya ce, har shi abokin ya yarda cewa haka ya faɗa. Batutuwan su zama waɗanda ake iya samo musu hujja a cikin gari: a bar ɗalibai su zo da waya makaranta ko a hana, karatun safe da na rana wanne ya fi cutar da ɗalibi, a hana talla lokacin makaranta ko a tsara ta. Ki bar tsofaffin nan na likita da manomi wa ya fi, an gaji da su kuma babu abin bincike a ciki. Addini da ƙabila kuwa kada su shigo ko da wasa. A Kaduna maganar da aka fara a aji tana iya ƙarewa a bakin ƙofar makaranta. Waɗanda suka yi fice a wannan matakin su za ki tura ƙungiyar muhawara ta makaranta da taron safe, sauran kuma su ci gaba da minti biyunsu kowane mako har ƙarshen SS2.