Yawon Kwale-kwale a Dajin Ƙandal na Farasan: Abin da Kuɗinka Zai Saya Maka

Duk wanda ya saba ganin bidiyon nan da ke yawo a waya, na jiragen fadama masu ƙatuwar fanka a baya suna tsala gudu a kan ciyawa a Amurka ana nuna wa baƙi kadoji, to ya cire wannan hoton daga ransa kafin ya nufi Farasan, tsibiran Saudiyya da ke Bahar Maliya, inda ake shiga dajin ƙandal, wata bishiya mai fitowa cikin ruwan teku a bakin gaɓa. A nan babu fanka, babu kada. Kwale-kwalen masunta ne da inji a gindinsa, irin wanda ake fita kamun kifi da shi kullum. Ni kuwa a ganina gara haka. An ƙera jirgin fanka ne don ruwa marar zurfi mai cike da ciyawa, inda farfela za ta sarƙe, kuma ƙararsa ta kai sai an toshe wa fasinja kunne. Wanda ya je ganin tsuntsaye ba gudu yake nema ba. Ko da ɗan injin namu ma, sai da aka kashe shi sannan muka fara ganin abin da ya kai mu.

Mu mazauna Jidda ne. Da ni, da maiɗakina, da yaranmu, sai Kawuna da ya daɗe a Shara Mansur a Makka, wanda ya tashi a yankin Nguru kuma har yau idan ana hirar fadama ba ya bari kowa ya sa baki. Daga Jidda zuwa Jizan kusan kilomita 700 ne ta hanyar bakin teku, a bi ta Lis da Ƙunfuza. Daga Jizan sai a shiga babban jirgin ruwa, abbara, zuwa tsibirin, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Abbara kyauta ce, kai da motarka, amma sai ka yanki tikiti tun da wuri, musamman idan da mota za ka tsallaka, kuma kowa ya riƙe iƙamarsa, wato katin izinin zama, a hannu domin ana duba kaya da takardu kamar a filin jirgi. Wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi a kai. Akwai sanyin na'ura, akwai kujeru, yara sun yi barci.

Kwale-kwalen shiga ƙandal kuwa kai da mai jirgi ne, ciniki ake yi. Kuɗin jirgi ake biya, ba kuɗin kai ba, don haka iyali ko abokai su haɗu ya fi sauƙi. Kafin a tashi sai masu gadin iyakar ruwa sun rubuta sunayen waɗanda ke ciki. To a wajen cinikin nan ne ake cin riba ko a yi asara, kuma ba a kan yawan riyal ba. Mai jirgi zai ce maka zai kai ka ƙandal ya dawo da kai. Gaskiya ya faɗa. Zai kai ka, ya zaga da kai ta cikin bishiyoyi, ka ɗauki hoto, ya juyo, saboda akwai wasu na jiransa a bakin ruwa. Idan ba ka ce komai ba, abin da ka saya ke nan. Ka yi ciniki a kan lokaci: awa nawa za a yi, kuma nawa daga ciki za a yi a cikin dajin da inji a kashe. Ka ƙara masa wani abu a kan haka idan ya nema. Ya cancanta.

Namu mai jirgin dattijo ne ɗan tsibirin, masunci, mai ƙarancin magana. Da muka bar gaɓa sai ya sake wa injin wuta, gaban jirgin ya ɗaga, ruwan gishiri yana feso mana a fuska, yara suna ihun murna, Kawu ya dafe hularsa da hannu ɗaya yana salati. Ruwan wajen garau yake, kana hango yashi da duwatsun murjani a ƙasa. Can sai gaɓar ta fara yin kore, muka kutsa wata siririyar hanyar ruwa tsakanin bishiyoyi, ya rage gudu amma bai kashe ba. Duk inda muka doso sai mu ga fuka-fukai suna tashi tun daga nesa. Kawu ya taɓa ni.

"Ɗan nan, gaya masa ya kashe injin nan. Tsuntsu ba kurma ba ne."

Na ce, "Kawu, ƙila yana tsoron kada mu maƙale."

"To ya ɗauko gora ya tura. Haka ake yi a ko'ina."

Na juya na roƙi dattijon da Larabci, na kira shi ammi, wato baffana, kamar yadda ake yi. Ya dubi Kawu, ya yi murmushi, ya kashe, ya ɗage injin daga ruwa, ya jawo wata doguwar sanda daga ƙasan jirgin. Ashe yana da ita. Ba a cika tambayarsa ba ne kawai.

Bishiyoyi iri biyu ne a wurin, kuma da ka tsaya za ka bambance su. Akwai shura, wadda ita ce ta fi yawa a gaɓar Bahar Maliya, har kusa da Jidda ana ganinta. Gajera ce, ganyenta kore mai toka-toka, kuma a kewayenta za ka ga saiwoyi sun ɓullo daga taɓo tsaye cirko-cirko kamar an kakkafa tsinken tsire. Da su take shaƙar iska, domin taɓon da ruwa ya danne ba shi da iskar da saiwa ke bukata. Dattijon ya tsinko ganye ɗaya ya miƙa wa ƙaramar 'yata ya ce ta lasa. Ta lasa ta yamutsa fuska: gishiri ne zalla. Bishiyar tana shan ruwan teku ta fitar da gishirin ta ganye, har kana iya ganin ƙyallinsa idan rana ta bugi ganyen.

Sai ƙandal ɗin kansa, wanda saboda shi ake zuwa, domin wurare kaɗan ne a Saudiyya yake fitowa, kuma Farasan na cikinsu. Ya fi shura tsayi da duhun kore, ganyensa mai kauri da sheƙi. Saiwoyinsa daga jikin kututture suke fitowa, sama da ruwa, su lanƙwaso su shige taɓo, su sarƙe da na maƙwabta har babu inda mutum zai sa ƙafa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne 'ya'yansa. Irin yana tsirowa tun yana rataye a jikin uwar, ya yi tsawo siriri mai tsini, ya fi tafin hannu tsayi. Idan ya faɗo, ko dai ya cake a taɓo ya kama, ko ruwa ya tafi da shi har ya sami inda zai tsaya. Na ɗauki ɗaya da ke yawo kusa da jirgin, na ji nauyinsa, na mayar. Ɓawon wannan bishiya ana jima da shi a ƙasashe da dama, aikin da bagaruwa ke yi wa majemanmu.

Da muka yi shiru na ɗan lokaci sai wurin ya koma harkarsa. Ƙananan ƙaguwa suka fito kan saiwoyi. Tarin 'yan kifaye suna kai da komo a inuwar jirgin, domin a cikin saiwoyin nan suke girma kafin su fita teku, inda manyan kifaye ba sa iya bin su. Dattijon ya ce in babu wannan daji, da masuntan tsibirin sun daɗe da sauya sana'a. Sannan muka ga kwasakwasa, ba ɗaya ba ba biyu ba, zaune a saman ƙandal da jakar wuyansu, wasu a kan sheƙa. Kawu ya kusa miƙewa tsaye don murna, sai da na riƙo rigarsa. Ya ce rabonsa da ganin kwasakwasa da idonsa tun yana saurayi. Irin na nan ƙanana ne, masu toka-toka, kuma irinsu ne ake samu a fadamun Afirka.

A wata kwana muka yi kiciɓis da zalɓe, amma irin ƙaton nan mai jan wuya da ake cewa babu zalɓen da ya kai shi girma a duniya, tsayinsa kan kai kusan mita ɗaya da rabi. Yana tsaye cikin ruwa bai motsa ba. Mun kai kusan tsawon jirgi uku da shi kafin ya gaji da mu, ya buɗe fuka-fukai a hankali ya tashi da wani kuka mai kauri. Da injin na aiki, da ko inuwarsa ba mu gani ba. Akwai kuma shahon nan mai kamun kifi, fari a ciki, da baƙin layi a ido. Mun ga ɗaya ya faɗo ruwa da ƙafafu, ya taso da kifi, ya juya kan kifin gaba yana tafiya da shi. A tsibiran nan sau da yawa a ƙasa ko kan dutse yake tara ƙiraren sheƙarsa, kuma da sanyi yake ƙyanƙyasa.

Yanzu abin da bai yi mini daɗi ba. Rigunan kariya daga nutsewa da ke cikin jirgin duk na manya ne, wasu igiyarsu ta tsinke, babu ko ɗaya daidai yaro. Wanda zai je da yara ya sayi nasa tun daga Jidda ko Jizan, kada ya dogara da na jirgi. Rumfar jirgin ma rabi ta rufe, kuma zafin Jizan da gumi ba abin wasa ba ne ko da lokacin sanyi balle da bazara. Shiga jirgin babu matakala, sai an taka ruwa an ɗaga ƙafa, abin da ya ba maiɗakina wahala da abaya, Kawu kuma sai da muka tallafe shi. Babu banɗaki a ko'ina bayan an bar gaɓa. A yi alwala da duk wata bukata tun a tudu.

Na biyu, kuma wannan ya fi ci mini rai: muna tsakiyar kallon kwasakwasa sai ga wani jirgi ya shigo da gudu, samari cike, kiɗa na tashi daga lasifika. Igiyar ruwan da suka tayar ta jijjiga mu, ta bugi saiwoyi, tsuntsayen suka watse gaba ɗaya. Dattijon namu bai ce uffan ba, ya dai girgiza kai. A cikin saiwoyin kuma, inda ruwa ke tara shara, akwai robobin ruwa da ledoji da guntayen raga. Wurin nan gandun da gwamnati ke karewa ne, a ƙarƙashin hukumar kula da namun daji, kuma a 2021 UNESCO ta sa tsibiran cikin jerin wuraren da take kula da muhallinsu na musamman, karo na farko a Saudiyya. Suna irin wannan ya kamata a ce ya zo da dokar rage gudu a cikin dajin da wanda zai tsaya a kanta.

Sai batun jagora. Ana tallata abin da sunan yawo da jagora, amma a gaskiya direban jirgi kake samu. Idan ka yi sa'a, kamar yadda muka yi, ka sami wanda ya san ruwan da tsuntsayensa, sai dai ba zai fara magana ba sai ka tambaya, kuma da Larabcin Jizan zai amsa, wanda ko yaranmu haifaffun Jidda sai sun kasa kunne. Wanda ya zo daga gida Umara ya ce zai leƙa, ya nemi ɗan uwa mai jin Larabci ya raka shi.

Kada kuma a ruɗe ka da jerin dabbobin da ake lissafawa. Gaskiya ne akwai kififiyar teku a ruwan Farasan, akwai kuma ɗan uwan ayu da ke kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa, amma dattijon da kansa ya ce yakan daɗe bai ga ayun ba. Mu ba mu ga ko ɗaya ba. Barewar Farasan da ake ta magana, wadda nan ne ta fi yawa a duk ƙasar, a tudu take, da sassafe ko gab da magariba ake dacewa da ita, ba daga jirgi ba. A hanyar dawowa dai mun ga bayan abu salama, wato dolfin, sun ɓullo sun nutse can nesa, kafin a ciro waya sun tafi.

Shin ya cancanci kilomita 700? Idan ƙandal kaɗai za ka je gani ka juyo, kuma a cikin jirgi mai sauri, a'a, ka ajiye kuɗinka. Idan za ka kwana a tsibirin, ka fita da sassafe tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ka sami mai jirgin da zai yarda ya kashe inji, to ya cancanta har da ƙari. Ka tambaye shi tun daren jiya yaushe ruwa zai cika, domin idan ya janye akwai lungunan da jirgi ba ya shiga. Sauran yinin akwai abin yi: gidan Rifa'i, na wani attajirin lu'ulu'u, da zanen da aka sassaƙa a bangonsa, da masallacin Najdi, da tsohon ƙauyen Ƙassar. Masu son taro kuma su jira bikin kifin harid da ake yi kowace shekara wajen watan Afrilu, sai dai lokacin samun tikitin abbara da ɗakin kwana yakan yi wuya, kuma zafi ya riga ya shigo. Tikitin komawa Jizan ma a yanke shi tare da na zuwa.